Da za a tambaye ni ranar sabunta takardun mota, wallahi zan biya kuɗin lambu

Tun washegarin ƙaramar Sallah nake ɗauke da wannan maganar a cikina, kullum in na ce zan rubuta sai wani abu ya taso, yau dai na ce ko an kawo wuta ko ba a kawo ba sai na zauna na fitar da ita ko na samu sauƙi.

Ranar na kwashi yaran gida, nawa uku da na ƙanina biyu, maman su ta ce don Allah in fita da su ko ta samu ta miƙe ƙafa bayan wahalar girkin Sallah, muka nufi wani wurin wasan yara a nan cikin garin Kaduna, ba zan kama suna ba don ba tozarta kowa na zo yi ba. Mun isa bayan la'asar, rana ta ɗan yi sanyi amma ƙasa sai huci take, layi tun daga bakin get har titi. Na biya kuɗin shiga na kowane kai, na biya na fakin daban, ina jiran canji ke nan sai idona ya faɗa kan wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, ta sha lalle hannu da ƙafa, atamfarta sabuwa fil ko ruwa ba ta taɓa gani ba, tana riƙe da hannun ƙaninta. Ta kwance bakin gyalenta ta fito da kuɗin barka da Sallah, 'yan hamsin hamsin da ashirin ashirin duk sun cukurkuɗe, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sai na ji ta ce wa yaron, kai ka shiga ni zan jira ka a nan, amma kar ka daɗe ka ji? Yaron ya ƙi sakin hannunta. Na biya musu suka shiga, kuma ba don a ce na kyauta nake faɗa ba, duk wanda ya tsaya inda na tsaya haka zai yi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da na juya, a jikin wayar shingen nan yara ne jere sun fi a ƙirga da ido ɗaya, sun cusa yatsu a ramukan waya suna leƙen 'yan uwansu, su ba wanda ya biya musu.

To mu da muka shiga fa me muka tarar? Lilo uku, biyu sun karye, na ukun an ɗaure shi da igiyar guga yara sun yi masa layi kamar na mai. Famfo ko ɗigo babu, bayi an garƙame shi da kwaɗo, ciyawa ta ƙone ƙurmus, ledar ruwa ko'ina. Can gefe ƙarƙashin wani dogon yaro na ga wani dattijo zaune da tiyo a naɗe kusa da ƙafarsa, na ƙarasa na ce Baba sannunku da aiki, ya ibada, ya ce lafiya lau ɗana, barka da Sallah. Na ce Baba duk wannan jama'a da ke biyan kuɗi amma wuri ya koma haka? Ya ɗan yi shiru sannan ya ce, ɗana wannan taron da kake gani sau nawa ake yinsa a shekara, ƙaramar Sallah, babbar Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara, shi ke nan, sauran ranaku sai ka wuni ba ka sayar da tikiti goma ba, ita kuwa ciyawa kullum take neman ruwa, injin ban ruwa kullum yake neman mai.

Maganar nan ta dattijo ita ce ta ƙi fita daga kaina. Don gaskiya ya faɗa, ba a riƙe lambun shaƙatawa da kuɗin kwana huɗu.

Ni haifaffen Kaduna ne, kuma duk wanda ya taso a garin nan a zamaninmu ya san abin da ake nufi in an ce za a je Ƙofar Gamji. Tun daren Sallah ba ma barci. Wurin da yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na jihar Arewa, ga shi a bakin kogin Kaduna, iska na kaɗawa ta ƙarƙashin manyan itatuwa, ga 'yar gadar ƙarfen nan ta Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ciro ta a kawo nan, wadda tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Mu a lokacin ba ruwanmu da tarihi, mu dai mu hau mu sauka mai hoto ya ɗauke mu. Amma abin da na fi tunawa shi ne waɗanda muke wasa da su, yaro daga Tudun Wada, yaro daga Kakuri, na Barnawa, na Unguwar Rimi, na Sabon Tasha, ba wanda ke tambayar wani sunansa balle addininsa. Tun rikicin 2000 da na 2002 kowa ya san yadda garin nan ya tsage gida biyu, kogi ya zama kamar iyaka, wasu suka tattara suka koma kudu wasu suka dawo arewa, yanzu akwai yaran da aka haifa suka girma har suka shiga jami'a ba su taɓa yin wasan ƙasa da ɗan tsallaken kogi ba. Makaranta ta rabu, unguwa ta rabu, kasuwa ce kawai ta rage sai irin waɗannan wurare. Shi ya sa ni in ana maganar lambu da filin wasa ba na ɗaukarta maganar 'yan gayu ko ta waɗanda suka ƙoshi.

Kuma filayen unguwa da muke buga ƙwallo a da, ku duba da kanku, nawa ne suka rage? Wannan ya zama filaza, wancan ya zama gidan mai, wancan an yanka shi fuloti fuloti. Yaro ya taso daga makaranta ba inda zai je sai bakin titi ko kan waya.

Bayan Sallah da kwana biyu ɗan yayata da ke karatu a Amurka, a jihar Mishigan, ya kira mu gaisa, ina ba shi labarin yarinyar nan sai ya ce Kawu ai mu nan wanda ya zo da ƙafa ko a keke ba ya biyan ko sisi a lambunan jiha, mota ce ke biya. Na ce kamar yaya mota ke biya? Ya ce duk shekara in za ka sabunta rijistar motarka akwai wani ɗan gurbi a takardar, ana tambayarka kana so a ƙara maka kuɗin shiga lambuna, in ka ce e sai a haɗa da kuɗin rijista ka biya gaba ɗaya, a buga wata 'yar alama a sitikar da ke jikin lambar motarka, shi ke nan duk lambun jiha da ka nufa har shekara ta zagayo mai gadi lambar motarka kawai zai duba ya ɗaga maka hannu, ko mutum nawa ka ɗauko. In ka ce a'a ba wanda zai ce maka don me, ka yi tafiyarka, ranar da ka bushi iska ka je lambu da mota sai ka saya a can.

Na daɗe ban ji tsarin da ya kwanta min a rai irin wannan ba, sai na shiga bin diddiginsa. Su mutanen Mishigan sun fara shi ne a watan Oktoban 2010, suna ce masa fasfon shaƙatawa, kuma wahala ce ta kai su, don tun wajen 2004 majalisar jiharsu ta daina ba lambunan kuɗi daga babban asusun gwamnati, aka bar su da abin da suka tara a bakin get da kuɗin masu kwana a tanti, gine-gine suka fara lalacewa. A da sitikar shekara dala 24 ce, sai wanda ya damu da lambu sosai ke saye. Da aka zo sabon tsari sai aka karya kuɗin ya dawo dala 10, aka kai shi inda duk mai mota dole ya bi sau ɗaya a shekara. Ka ga dabarar ai irin ta 'yan kasuwar Bacci ce, ka rage riba ka yawaita ciniki. Kuɗin yana ɗan hawa a hankali yadda tsadar kaya ke hawa, kuma lambunan jihar sun haura ɗari, sannan ana cire wani kaso a raba wa ƙananan garuruwa su gyara filayen wasan unguwanninsu, wannan ɓangaren shi ya fi burge ni.

Ba su kaɗai ba ne. Jihar Montana ta riga su, tun 2004 ta sa dala 4 a kan rijistar ƙananan motoci, daga baya ya koma 6, ya koma 9, duk motar da ke da lambar jihar tana shiga lambunansu da rana ba tare da an karɓi komai ba. Sai dai nasu da bambanci, su kuɗin yana cikin lissafi tun farko, kai ne za ka ce a cire in ba ka so. Haka jihar Kolorado ta yi daga Janairun 2023, dala 29 a wajen rijista maimakon dala 80 da ake sayar da tikitin shekara, shi ma sai ka ce ba ka so ake cirewa, kuma wani ɓangare na kuɗin yana tafiya wajen masu aikin ceton waɗanda suka ɓata ko suka maƙale a duwatsu. Ita kuwa Kalifoniya a Nuwamban 2010 ta gwada ta ƙarfi, aka kai wa jama'a ƙuri'a a kan a ɗora wa kowace mota dala 18 dole, ko kana zuwa lambu ko ba ka zuwa, mutane suka kayar da shi. Wannan ya nuna min ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, abin da zai ba ka da hannunsa yana murmushi in ka ce dole sai ya riƙe aljihu.

Na kawo maganar a majalisarmu ta bayan isha'i, inda muke zama a ƙofar shagon mai shayi, kai ranar na sha suka. Wani abokina direba, Kaduna zuwa Zariya yake yi kullum, tun ban rufe baki ba ya ce haba Malam, kai ma da bakinka? Ya fara lissafo min da yatsu, inshorar da muke biya naira 5,000 ta koma 15,000 tun Janairun 2023, ga naira 1,000 ta shaidar mallaka da aka ɓullo da ita duk shekara, ga lasin, ga takardar lafiyar mota, ga mai tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san inda ya kai, yanzu kuma ka ce a ƙaro kuɗin fulawa? Na ce masa ai ba dole ba ne, in ba ka so ka ce a'a. Ya yi dariya ya ce a ƙasar nan akwai abin da ake farawa da ganin dama ya ƙare da ganin dama? Yau za a ce in ka so, gobe a tare ka a hanya a ce ina sitikar lambu, fito da ita ko ka yi fakin.

Ban iya ba shi amsa nan take ba don wallahi tsoronsa na gaskiya ne, ni ma ina da shi. Duk wanda ke tuƙi a ƙasar nan ya san yadda takarda ƙarama ke zama sandar duka. Saboda haka in har za a yi wannan abu a Kaduna, layin farko na dokar ya zama cewa babu wani ma'aikaci, mai kaki ko marar kaki, da ke da ikon tambayar wannan alama a kan titi, wurin duba ta ɗaya ne tak, bakin get ɗin lambu. In ba za a rubuta wannan ba gara a bar maganar gaba ɗaya, ni ne zan fara ƙin ta.

Sai kuma batun a tambaye ka ko a cusa maka. Na san masu lissafi za su ce tsarin Montana ya fi kawo kuɗi, kuma haka ne, don mafi yawan mutane ba sa wahalar cewa a cire, a Mishigan kuwa da ake tambaya waɗanda ke cewa e ba su kai rabin masu mota ba. Amma mu dubi yadda muke sabunta takardu a nan. Mutum nawa ne ke zuwa da ƙafarsa? Yawancinmu wani muke ba wa, ka tura masa kuɗi da hoton tsohuwar takarda ya kawo maka sabuwa, ko rasit ɗin ba ka karantawa, wasu ma ba su iya karatun bokon ba. In aka ce kuɗin na ciki sai ka ce a cire, to an karɓi kuɗin mutum ne bai sani ba, kuma ranar da ya gane, ya gama yarda da abin har abada, zai kuma gaya wa mutum goma. Ni na fi son a tara kaɗan da yardar mutane. A tambaye ni da Hausa da Turanci, a turo min saƙo a waya cewa ka biya naira kaza na lambu mun gode, yadda in ɗan aikena ya karɓa bai biya ba zan gani.

Wani dattijo a majalisar, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, duk muna ce masa Baba, shi sai da kowa ya gama hayaniya sannan ya ce ku yara kun bar jaki kuna dukan taiki, tambayar ita ce in an tara kuɗin ina za shi. Na ce Baba ku yi mana bayani. Ya ce jihar nan tun 2015 ta koma asusun bai ɗaya, kuma dokar haraji ta 2016 ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu, duka abu ne mai kyau don ya toshe ɓaraka da yawa, amma ma'anarsa duk abin da aka tara tukunya ɗaya yake faɗawa, in ya faɗa kuwa ga albashi ga hanya ga asibiti ga tsaro, wa zai tuna da lilo? Ya ce sai dai doka ta keɓe kuɗin da sunansa ta ce haram ne a taɓa shi don wani abu daban. Ya kawo misalin TETFund, asusun da ake zuba masa kuɗi daga harajin ribar kamfanoni don manyan makarantu kawai, ya ce ku shiga ABU ko KASU ko Kadpoly ku ga gine-ginen da ke ɗauke da sunan, ko ba komai ka san inda kuɗin ya tafi don kana ganinsa da ido. Ya tuna mana da PTF, hukumar rarar kuɗin man fetur ta zamanin Abacha da Buhari ya shugabanta, yadda har a ƙauye mutum zai nuna maka allo ya ce wannan hanyar kuɗin mai ne.

Ya kuma ƙara wani abu da ban taɓa lura da shi ba, ya ce a tsarin mulkin 1999 kula da lambuna da filayen shan iska yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi ne, alhali kuɗin rijistar mota jiha ke karɓa. Ka ga ke nan mai aikin daban mai kuɗin daban. In ba a tsara rabon tun farko ba, kuɗin zai ƙare a manyan wurare biyu uku na tsakiyar gari inda manya ke wucewa, Rigasa da duk yawan jama'arta ba za ta ga ko benci ɗaya ba, haka Kawo, haka Nasarawa, haka Unguwar Mu'azu, balle a yi maganar Zariya da Kafanchan da Saminaka waɗanda su ma motocinsu lambar jihar nan suke ɗauke da ita. Mai mota a Kafanchan in ya biya yana da haƙƙin ya ga an gyara hanyar shiga mafaɗar ruwa ta Matsirga an sa wurin zama da bayi mai tsafta. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari shi na tarayya ne, ba ya cikin wannan lissafi, kuma shi abin da ya fi buƙata zaman lafiya ne, Allah Ya ƙara mana shi.

Akwai kuma wani tarko da nake hangowa, kar gwamnati ta ga an fara tara kuɗi ta ce to madalla ta zare hannunta. Wannan kuɗin na ganin dama ba zai gina sabon lambu ba, ba zai biya diyyar fili ba. Aikinsa shi ne ɗan abin da ke kashe wuri in babu shi, man injin ruwa, walda ta gyara lilo, fenti, kwandon shara, fitila mai sola, hakkin masu shara da masu gadi a kan lokaci. Mu ɗauka misali kawai, a ce mota 50,000 suka yarda suka ba da naira 2,000 a shekara, naira miliyan 100 ke nan, a wajen aikin titi wannan ba komai ba ne amma a wajen ciyawa da famfo da lilo kuɗi ne mai kauri, kuma yana shigowa ne kowane wata don ba rana ɗaya takardun kowa ke ƙarewa ba. Amsar maganar dattijon nan mai tiyo ke nan.

Masu cewa mutanenmu ba za su biya abin da ba dole ba, ni ban yarda ba sam. A layinmu duk wata muna haɗa kuɗin 'yan sintiri, ba wanda ya zo da bindiga ya karɓa. Taransifoma ta ƙone mun yi karo-karo. Kwalbati ya rufta mun sayi siminti matasa suka yi gayya. Masallacin unguwa daga tubali har fanka kuɗin jama'a ne, na tabbata coci ma haka ne a tsallake. Mutumin Kaduna ba marowaci ba ne, abin da ya ƙi jini shi ne ya bayar ya ga wayam. In ya ga an manna takarda a bakin get duk wata uku, ga abin da ya shigo ga abin da aka kashe ga sunan aikin, aka kuma sa a intanet kowa ya gani, aka sa mutanen unguwa da iyaye mata da malaman makaranta cikin kwamitin da ke sa hannu, wallahi zai biya har ya ja abokinsa. Mu da aka karantar da mu cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, ai ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan inuwa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a watan Maris ko Afrilu a garin nan ya san darajar maɗaci guda ɗaya.

Amma duk wannan bayanin, abin da ya sa na ɗauki waya nake ta rubutu har yatsa ya gaji guda ɗaya ne, mai ƙafa ya shiga kyauta. A Amurka kusan kowane gida da mota, saboda haka su in sun ce mota ta biya kusan kowa ne ya biya. Mu nan akasin haka ne, masu mota su ne 'yan kaɗan, mafi yawan jama'a a Keke Napep suke zuwa ko a bas ko a sayyada. To wannan bambancin ni a wajena shi ne ma ya sa tsarin ya fi dacewa da mu. Wanda Allah Ya hore wa mota, ko da tsohuwar Golf ce irin tawa, ya fi yarinyar nan mai ƙirga hamsin hamsin hali nesa ba kusa ba. Ni in biya sau ɗaya a shekara, in samu in shiga da motata in yi fakin a ciki hankali kwance ba tare da na tsaya ciniki da kowa a get ba, wannan ribata ke nan kuma ta ishe ni. Ita kuma ta shigo da ƙafarta ita da ƙaninta ba wanda zai tare ta. In akwai jirgin yara mai lantarki ko doki ko wani abu mai cin mai, a karɓi kuɗinsa daban ba laifi, amma inuwa da ciyawa da lilo da wurin zama kar a sayar wa yaro.

Na san za a ce in aka buɗe kyauta 'yan shaye-shaye da 'yan sara-suka za su mamaye wurin. Ni abin da na gani da idona shi ne wurin da aka yasar, ba fitila ba mai gadi ba jama'a, shi suke mamayewa. Inda iyaye mata ke zaune da 'ya'yansu, tsofaffi na taka ƙafa da safe saboda hawan jini da suga, masu gadi na zagayawa an biya su haƙƙinsu, ɗan iska ba ya sakewa a nan. Ku dubi Dandalin Murtala da sassafe ko da yamma tun da aka gyara shi, yadda maza da mata, manya da yara ke zuwa motsa jiki, wannan kaɗai ya isa shaida cewa mutanen garin nan suna da ƙishin irin waɗannan wurare.

Masu Keke da 'yan bas su kuma a bar su, sana'a suke, sauke fasinja za su yi a bakin get su wuce, ba ruwansu da wannan kuɗi sai in mutum ya ga dama don kansa. Baƙo mai lambar Abuja ko Kano ya biya na rana ɗaya a get a ba shi rasit, ko in mazaunin nan ne da ya yi rijista a wani wuri, don muna da su da yawa, a ba shi dama ya sayi alamar shekara a waya.

Abokina direba har muka tashi bai sauko ba, ya ce shi sai ya gani a ƙasa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma da muka zo rabuwa ya riƙe hannuna ya ce Malam in dai da gaske yara za su shiga kyauta, kuma ba wanda zai tare ni a Jaji ya ce ina sitika, to rubuta sunana, nawa shida ne kuma rabon da in kai su wani wuri tun kafin a cire tallafi.

Baba shi ya ce in daina surutu a bakin shayi in rubuta takarda, ya ce ɗan majalisarmu na jiha yana da ofis a mazaɓa kuma zauren Lugga inda majalisar ke zama ba a sama yake ba, ya yi alƙawarin zai gyara min Turancin ya kuma sa hannu a matsayin na farko. Mun fara, shafi ɗaya da rabi muka yi jiya, gobe in Allah Ya kai mu bayan Azahar zan kai masa ya duba. Duk wanda ke Kaduna kuma yake ganin zai iya sa hannu, ko yana da gyara, ko ma yana ganin ban yi daidai ba, ƙofa a buɗe take, musamman iyaye mata don ku kuka fi mu sanin inda yara ke wuni.

Takarduna a watan Nuwamba za su ƙare. Ƙaramar 'yata kuwa tun ranar kullum sai ta tambaye ni, Baba an gyara lilon? Jiya ma da zan fita sallar Magariba sai da ta biyo ni har zaure ta sake tambaya, na ce mata tukuna.